Mutum na Talatin da Tara

"Talatin da takwas," in ji Zinariya. Ta ɗaga takardar wajen taga don ta gani da kyau. "Ga shi sun rubuta da manyan baƙi."

"Talatin da tara," in ji tsohon.

"Baba Firmin, hukuma ce fa ta ƙirga."

"Hukuma ta ƙirga waɗanda ta samu a gida. Ni na ɗan fita ne."

"Fitar shekara sittin da biyu?"

"An hana mutum daɗewa a hanya?"

Ta ajiye takardar, ta kai masa kofin kunun gyaɗa baki. Ya kurɓa sau biyu, ya ce ya yi zaƙi da yawa, ya kurɓa na uku.

Da Faransanci suke wannan musu, kamar kullum. Ita ta koyi nata a lakkwal, makarantar boko, a Damagaram kafin aure ya kawo ta Bronx. Shi kuwa ya taho da nasa daga wani ƙauye a kudancin Faransa mai suna Peyralou. Ba ita kaɗai ke jin Faransanci a benen nan na University Heights ba, amma ita kaɗai ke da haƙurin sauraronsa. Ƙofarsu na kallon juna a hawa na huɗu, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya yi shekara arba'in yana gasa burodi a wani otal na Manhattan. Matarsa 'yar Haiti ta riga shi tafiya, ba su haihu ba. Wata guda da ya wuce likitoci suka sallamo shi gida da gadon asibiti da tulun iska, suka ce babu sauran abin da za su yi.

Takardar da suke musu a kanta falle ɗaya ce, ta labarin ƙauyen. Sau ɗaya take zuwa a shekara, ba wasiƙa a ciki, ba sunan mai aikowa. Wane ya mutu, an gyara rufin coci, kyarkeci ya ci tumakin wane, sai adadin mutanen gari a ƙasa. Firmin ya tara su a gwangwanin biskit, kuma duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi sai ya ji tarihin.

A zamanin kakansa mutum ɗari shida da goma sha biyu ne a garin, da maƙera biyu, da makaranta mai yara saba'in. Abincinsu 'ya'yan wata itaciya ne masu kama da gujiya, a gasa a ci, a niƙa a yi gari. Sai cuta ta kama itatuwan. Sai yaƙin 1914 ya kwashe samari talatin da ɗaya, aka sassaƙa sunayensu a dutse a ƙofar coci, huɗu daga ciki 'yan gidansu. Sai aka shimfiɗa kwalta.

"Don a riƙa shigowa aka yi hanyar," yakan ce. "Da ita muka fita."

An rufe makarantar a 1971. Yanzu wani ɗan ƙasar Holan mai suna Pim ya saye ta, yana saukar da baƙi masu yawon hawan dutse.

"Shi sun ƙirga shi," in ji Firmin, ya nuna takardar da haɓa. "Shi da matarsa. Mutumin da bai san inda rijiyar garin take ba. Ke fa, 'yata, 'ya'yanki nawa?"

"Suna nan, alhamdu lillahi."

"Shekara goma sha ɗaya ina tambaya."

"Mu ba ma ƙirga mutane, Baba. Ba awaki ba ne."

"Huɗu ne. Na ƙirga takalma a ƙofa."

Da la'asar Hajiya Balki ta sauko daga hawa na biyar, da kayan aiki a jikinta. Bakanuwa ce, nas, shekara ashirin tana aikin asibiti, ba ta san kewaye-kewaye ba. Ta duba ƙafafunsa, ta saurari ƙirjinsa, ta yi masa wasa da Turanci har ya yi dariya. Sannan ta ja Zinariya kicin.

"Kwanaki ne," ta ce da Hausa. "Uku, huɗu. Yana da family da za a kira?"

"Yana da yaya a ƙauyen. Ba su magana."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ni."

Da Zinariya ta koma falo, sai ta tarar ya buɗe ido yana jiran ta.

"Ta ce kwana nawa?"

"Ba ta ce komi ba. Zancen girki muke."

"Ba ki iya ƙarya ba, da Faransanci ko da Hausa. Zauna. Zan ba ki aiki."

Ta zauna a bakin gadon.

Ya ce maganar kabari ya gama ta tuni, kusa da matarsa za a sa shi, nan Bronx, takardun suna cikin aljihun tebur. Abu ɗaya ya rage. A Peyralou, in ɗan gari ya mutu, ana buga masa ƙararrawar coci, bugu ɗaya a kan kowace shekara ta rayuwarsa. Ranar mutuwar ake bugawa, kafin rana ta faɗi. In ta faɗi, an wuce wurin. Ba a buga wa baƙo, ko da ya yi shekara hamsin a garin. Tun da aka kafa ƙauyen babu wani ɗan gidansu da ya tafi ba a buga masa ba.

"Mabuɗin cocin yana hannun Odette," ya ce.

"Yayarka."

"Ita."

A 1979 uwarsu ta kwanta ciwo. Odette ta aiko masa saƙo sau biyu. Ya ce sai bayan bikin ƙarshen shekara, aiki ya yi yawa a otal. Tsohuwar ba ta jira bikin ba. Bai je jana'iza ba, kunya kuma ta hana shi zuwa daga baya. Odette ta rubuto layi ɗaya: ba ni da ƙane a Amirka. Shi ke nan.

Zinariya ta ɗauko wayarta. "To mu kira ta yanzu. Ka ba ta haƙuri da bakinka. Yayarka ce, ba alƙali ba."

"A'a. In ina da rai za ta ce a'a, in ji da kunnena. In na mutu ta ce a'a, ke za ki ji."

"Na gode da ka zaɓa mini."

"Ki saurara da kyau. Awa shida suka riga mu. In na tafi da safe, can rana ta riga ta karkata. Ki kira nan take. Ki ce, Firmin ya mutu. Kalma uku. Kada ki tsaya tambayar gida da gajiya da sanyi da kaji, yadda kuke yi a kan matakala har mutum ya rasa hanyar wucewa."

"Na ji."

"Ki rantse."

"In sha Allah."

"Wannan na san shi. Shi mijinki ya ce mini a kan gyaran famfo."

Ranar Asabar ya tashi da ƙarfi. Harouna, mijin Zinariya, ya dawo daga rumfarsa ta Canal Street da ƙunshin 'ya'yan itaciyar nan gasassu, ya saya wurin mai kura a bakin titi. Firmin ya shinshina, ya ce na Italiya ne, ɗanɗanonsu kamar auduga. Ya ci rabin guda, Zinariya na murmusa masa da cokali. Sannan ya rufe ido ya shiga ƙauyen daga ƙofar gabas, yana kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya. Gidan maƙeri da 'ya'yansa mata bakwai. Gidan gwauruwar da ke da akuya mai cin taba. Gidan da aka haifi tagwaye ranar da aka gama yaƙi. A kowace ƙofa sai ya faɗi mutum nawa ne a da, nawa ne yanzu. Yawancinsu yanzu babu kowa.

Harouna ya jingina da bango yana saurare. Da aka kai gida na arba'in ya ce wa matarsa da Hausa, "Wannan ai ƙauyenmu ne. Kowa ya tafi Libiya ko Legas, an bar tsofaffi da jakuna."

"Me ya ce?" in ji Firmin.

"Ya ce garinku ya yi kyau."

"Ƙarya kuma."

Lahadi da safe, takwas saura kwata, Zinariya ta shigo da ruwan ɗumi. Ya dube ta, ya ce tagar ta yi datti. Ta juya ta goge da gefen mayafinta. Da ta waiwayo, ya tafi.

Ta yi salati, ta rufe masa ido, ta ja bargo. Ta aika a kira Balki. Balki ta sauko da silifas, ta taɓa wuyansa, ta dubi agogo, ta fita baranda tana kiran waɗanda doka ta ce a kira. Zinariya ta shiga kicin ɗinsa da lambar da ya rubuta mata a bayan ambulan. Can Faransa ƙarfe biyu da rabi na rana. Watan Nuwamba ne, rana za ta faɗi musu biyar da ɗan wani abu.

An ɗauka a ƙara ta shida. Murya ce busasshiya, tana haki kaɗan.

"Wa ke magana?"

Kalmomin uku suna bakin Zinariya. Amma ta ji hakin nan, ta tuna matar shekararta tamanin da takwas, ita kaɗai a gida. A Damagaram ba a jefa wa tsohuwa irin wannan labari ta waya. Sai a ce jiki ya yi tsanani. Sai a tura mutum ya zauna kusa da ita, a ba ta ruwa, sannan a faɗa. Lokacin da uban Zinariya ya rasu, sai da aka kwana biyu ana ce mata yana jin jiki.

"Madam Odette, barka da rana. Sunana Zinariya, daga New York. Ina gida? Yaya sanyi?"

"Ba na sayen komi."

"A'a, Madam. Ni maƙwabciyar ƙanenki ce, Firmin."

"To?"

"Jikin nasa ne... ya ɗan yi nauyi. Ya gaji ƙwarai."

"Da gajiya aka haife shi. Ki ba shi romo."

Aka kashe.

Zinariya ta fito da ɗan sauƙi a ranta, ta ce wa Balki ta fara shirya tsohuwar.

"Kin ce mata me?"

Ta faɗa mata.

Balki ta dafe kai. "Innalillahi. 'Yar Nijar, Baturiya kika ce wa jiki ya yi nauyi? Yanzu haka tana can tana cewa mura ce. Su in ba ki ce dead ba, to bai mutu ba. Kira ta ki faɗa mata straight."

"In ta faɗi fa? Ba kowa kusa da ita. In kashe yayar, ƙanen bai ko huce ba?"

"In rana ta faɗi fa?"

Harouna, da ya fasa fita kasuwa, ya sa baki daga ƙofa. "Ni abin da ban gane ba, yaushe kika zama ladanin coci?"

"Malam, ni ba ƙararrawa zan buga ba. Saƙo aka ba ni. Amana ce ta maƙwabci."

"To ki isar mana."

Ta sake kira. Ba a ɗauka ba. Ta kira sau huɗu. Ta nemi ofishin magajin garin, na'ura ta ce ana buɗewa ranar Talata da yamma. Ƙarfe tara ta wuce. Masu ɗaukar gawa suka zo, maza biyu da baƙaƙen kaya, suka yi aikinsu cikin ladabi, suka sauka da shi ta lif.

Kafin nan labari ya zaga benen. Kowa ya san tsohon da ke rataya burodi a hannun ƙofofi ranar sallah, yana cewa hannunsa ne ya ƙi zama. Matan hawa na biyu suka hau da tabarmi. Alkasim direban tasi ya zo da butar shayi. Yaw mai gadin bene ya buɗe ƙofar ɗakin ya tokare ta da kujera. Abiba 'yar Kumasi ta shigo da tukunyar shinkafa da wake, ta tsaya tsakiyar falo tana dube-dube.

"To wa za mu yi wa gaisuwa?" ta ce. "Ina masu mutuwar?"

Aka zazzauna dai, takalma suka taru a baranda.

Zinariya na tsaye a kicin, tana kallon agogon murhu. Goma saura kwata. Sai idonta ya faɗa kan gwangwanin biskit.

"Hajiya," ta ce, "nemo mini ɗan Holan ɗin nan. Mai saukar da baƙi. Dole yana da lamba a intanet."

Cikin minti biyu Balki ta samo. Pim ya ɗauka da fara'a, yana zaton masu neman ɗaki ne. Shi ba tsoho ba ne sosai, kuma ba ɗan'uwa ba, don haka kalmomin uku suka fita ba wuya. Ta roƙe shi ya je gidan Odette, ya zaunar da ita, ya ba ta ruwa, sannan ya miƙa mata waya.

"Ruwa?" in ji Pim. "Ba ta da lafiya ne?"

"Ka dai ba ta."

Ya ce tana gonarta a bayan gari, shi ya sa ba ta ɗauka. Zai hau keke.

Minti ashirin da biyar aka yi. Balki ta sa wayar a kan faranti a tsakiyar tabarma, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji. Aka ji iska, aka ji ƙarar keke, aka ji Pim na lallashi, aka ji tsohuwa na cewa ba ta jin ƙishirwa, kuma ba za ta zauna a kan bokiti ba.

"Ke ce ta ɗazu?" in ji Odette.

"Ni ce, Madam. Kin zauna?"

"Yarinya, faɗi abin da ke bakinki."

Zinariya ta matso kusa da wayar. "Firmin ya mutu."

"Yaushe?"

"Da safe. Kafin in kira ki."

"Kafin? To me ya sa kika ce mini ya gaji?"

"A garinmu ba a faɗa wa tsoho mutuwa kai tsaye."

"Nan garin ba kowa sai tsofaffi. In ba a faɗa mana ba, wa za a faɗa wa? Tumaki?"

Alkasim, da ke jin Faransanci, ya toshe baki da hula.

"Ya bar saƙo," in ji Zinariya. "Ƙararrawa."

"Na san saƙon." Muryar ba ta canza ba. "Ƙararrawa ta 'yan gari ce. Da na buga wa uwarmu, saba'in da shida, ni kaɗai na ja igiyar, hannuna har ya fashe. Yana can yana gasa wa Amirkawa burodi. Ya zaɓi garinsa. Su buga masa."

Goma da rabi ta gota. Zinariya ta duba falon. Ba ta ga laifin matar ba. Abiba ta taɓa ta da gwiwar hannu.

"Ita ce 'yar'uwar? To ba ni ita in yi gaisuwata, shinkafata na hucewa."

Zinariya ta sunkuya kan wayar. "Madam, ƙararrawa taki ce, ba zan matsa miki ba. Amma akwai mutane a ɗakinsa. Sun zo gaisuwar mutuwa, tun ɗazu suna zaune, ba wanda zai karɓa. A wurinmu dole a yi wa wani. Ke kaɗai gare shi."

"Ban san su ba."

"Ba sai kin san su ba. Ki dai ce na gode."

Ba ta jira amsa ba, ta tura farantin gaban Abiba.

"Mama, sannu da haƙuri," in ji Abiba da ƙarfi, kamar mai kiran wani a hayin kogi. "Allah ya ba ki haƙuri. Mutumin kirki ne, sai dai faɗa."

Zinariya ta fassara, har da faɗan. Farantin ya wuce gaba. Alkasim ya yi tasa da Faransancin Yamai, ya ce shekara shida yana kai tsohon asibiti, kullum sai ya nuna masa hanyar da ya riga ya sani. Yaw ya yi da Turanci, ya ƙare da yarensu. Wata tsohuwa daga hawa na ɗaya ta yi doguwar gaisuwa, ta tambayi gida, ta tambayi sanyi, ta tambayi yara. Harouna ya ce a gaya mata ya gyara famfon daga ƙarshe. Balki ta ce bai sha wahala ba, ita nas ce, ba ta faɗin haka in ba haka ba ne. Shamsiya, babbar 'yar Zinariya, ta fara da Hausa, ta sarƙe, ta ƙarasa da Turanci cewa shi ya koya mata murza ƙullu.

Da farko ba a jin komi daga can sai iska. Wajen mutum na goma aka fara jin "na gode", a gajarce. Wajen na ashirin ta fara tambaya. Wannan kuma wane ne? Daga wace ƙasa? Da gaske yana raba burodi? Da gishiri ko ya rage, don gidansu ba a rage gishiri?

Farantin ya fita baranda, ya sauka matakala, ya dawo.

"Ku nawa ne a wurin?" in ji Odette.

"Muna nan da yawa, alhamdu lillahi."

"Na ce nawa."

Balki ta miƙe tana nuna kawuna da yatsa, Zinariya na harararta. "Forty-one. Ban da jarirai."

Zinariya ta faɗa mata.

Wani sauti ya fito daga wayar, kamar tari. Sai da ya maimaitu suka gane dariya ce.

"Arba'in da ɗaya. Ya fi mu jama'a. Ɗan banza." Ta ja numfashi. "Me yake ce muku a kanmu?"

"Jiya ya zaga garin gida-gida. Ya fara daga maƙeri mai 'ya'ya mata bakwai."

"Takwas ne. Kullum yana manta ƙaramar." Sannan ta ce, "Ƙarfe nawa, Pim?"

Aka ji Pim ya ce biyar saura minti biyar.

"To me kake jira? Kama mini hannu. Ba wannan ba, mai ciwon ke nan."

Tafiyar ta ɗauki minti goma sha biyu, Zinariya na bin ta a agogon murhu. Ana jin sandar tsohuwar a kan dutse, tana faɗa wa Pim ya rage sauri, sannan ya ƙara sauri. Aka ji mabuɗi ya ƙi juyawa, aka ji ta zage shi, ya juya.

"Yarinya, kina nan?"

"Ina nan, Madam."

"Kafaɗata ta daina jan igiya shekara biyu ke nan. Pim ke ja, ni ke ƙirgawa. Da Firmin ya sani da ya ce a bari."

"Ba zan gaya masa ba."

"Tamanin da uku ne, ko? Watan Maris aka haife shi, ana ruwa. Ja, Pim. A hankali, ba gobara ba ce."

Bugun farko ya cika 'yar wayar har farantin ya yi zuga. Wasu mazan suka sunkuyar da kai, wasu suka fita baranda da shayinsu, ba wanda ya ce musu komi. Tsakanin bugu da bugu ana jin muryar Odette tana ƙirgawa, a bushe, kamar mai auna hatsi. A ashirin da ɗaya, shekarun da ya bar gida, ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "Ci gaba." Abiba ta fara zuba shinkafa a faranti tana miƙawa a hankali. Jirgin ƙasa ya wuce ta bayan bene ya rufe bugu uku ko huɗu, da ya wuce suka tarar tana sittin da biyu.

A tamanin da uku ta ce, "Ya isa." Ƙarar ta daɗe tana baje kafin ta mutu.

"Akwai sauran rana?" in ji Zinariya.

"Kaɗan, a kan dutse. Kin kusa sa mu makara da romonki." Sannan ta ce wa Pim ya tafi gida, ta riƙe wayar, gobe ya zo ya karɓa, wataƙila mutanen nan su sake kira.

Ba ta san yadda ake kashe irin wannan waya ba. Suka ji ta jefa ta aljihu, sauti ya dushe. Mutane suka fara neman takalmansu. Balki ta miƙa hannu za ta katse, Zinariya ta riƙe mata yatsa.

Ta ɗauki farantin ta kai kicin, ta ajiye kusa da famfo, ta fara wanke kofunan shayi. Daga cikin aljihun ana jin takun tsohuwar a kan tsakuwa, da sanda, da wata ƙofar katako da ta yi ƙara. Can sai ga muryarta ƙasa-ƙasa, tana kiran kajinta su shiga akurki.